Yadda za a riƙa sanar da ma'aikatan ƙaramar hukuma abin da ake ciki tun kafin su ji a wurin mai shayi

Duk wanda ya taɓa aiki a sakateriyar ƙaramar hukuma a nan Zamfara ya san yadda labari yake yawo. Ciyaman ya zauna da kansiloli da shugabannin sassa an yanke magana ranar Litinin, direba ya ji rabi a cikin mota, masinja ya hango kan takarda lokacin da zai kai fayil, kafin la'asar maganar ta isa teburin mai shayin bakin get ta canza kama gaba ɗaya, shi kuma malamin asibitin da ke can ƙauye wanda maganar ta fi shafa sai bayan sati biyu zai ji, kuma abin da zai ji ɗin ba shi aka faɗa ba. Wannan bayanin na masu riƙe da sashen mulki ne, DPM wato daraktan kula da ma'aikata, da sakatare da jami'in yaɗa labarai da HOD wato shugaban kowane sashe, har shi ciyaman ɗin in Allah ya sa ya karanta. Abin da nake so in nuna shi ne yadda za a tsara abin ma'aikaci ya riƙa jin labarin aikinshi daga bakin ofis kuma da wuri, kuma wallahi ba ya buƙatar kwangila ko wani kasafi na musamman, mutum ɗaya mai himma da kati da takarda sun isa.

Ka fara da sanin su wa kake yi wa magana. Jihar nan ƙananan hukumomi 14 gare ta da mazaɓu 147, wato kowace ƙaramar hukuma tana da goma ko sha ɗaya, kuma a kowace mazaɓa akwai ma'aikatanku. Mu na ofis muna yawan mantawa da wannan, sai mu ɗauka waɗanda muke gaisawa da su kullum a barandar sakateriya su ne ma'aikata. Alhali ga malaman asibiti da ungozoma a ƙauyuka, ga malaman gona, ga duba-gari, ga masu yankan rasit a kasuwa da tasha, ga masu gadi da leburori da masu shara. Ɗauki misalin Maru, wanda aka tura aiki Ɗansadau ma'aikacin Maru ne amma zuwa hedkwata a wurinshi tafiya ce ta gaske, ga halin da hanya take ciki. In tsarinka bai kai ga irin wannan mutumin ba to ba ka fara ba tukuna.

Saboda haka sai ka buɗe rajista, littafi ma ya isa in babu kwamfuta. Suna, sashe, inda yake aiki, lambar waya, sannan abubuwa uku da ba a saba rubutawa ba: babbar waya gare shi ko ƙarama mai tocila, akwai sabis a garin da yake ko sai ya hau tudu, kuma da me yake karatu, Turanci ko Hausar boko ko ajami ko kuwa sai an karanta mishi. Kar ka tambayi wannan na ƙarshen a gaban mutane, dattijon da ya yi shekara ashirin yana gadi ba zai ce maka bai iya karatu ba a gaban yaran da ya haifa. HOD ɗinshi ya sani, shi za ka tambaya.

Sai babban aikin, wato fitar da abin da shugaba yake so daga bakinshi. Ko zaɓaɓɓen ciyaman ne ko kantoma, in ka ce mishi mene ne manufofinka zai karanto maka jawabin ranar rantsuwa, ilimi, lafiya, noma, tsaro, samar wa matasa aiki, duka. Wannan ba abin da za ka kai wa ma'aikaci ba ne don ba ya gaya mishi abin da zai yi gobe da safe. Ka samu lokacin da babu 'yan siyasa a ofis, ka zauna ka ce, ranka ya daɗe, cikin wata ukun nan masu zuwa, in an tare leburan sashen ayyuka a hanya aka ce mishi me ciyaman ya sa a gaba, me kake so ya ce? Ka roƙe shi kar ya wuce abu uku. Zai so ya ƙara, ka yi haƙuri ka ce sauran za su shigo zango na gaba. In damina ce ke tafe wataƙila ya ce yashe magudanun ruwa a cikin gari kafin ruwa ya sauka, gyaran famfunan burtsatse da suka lalace saboda amai da gudawa, da kuma toshe ɓarakar kuɗin shiga na kasuwa. To yanzu ka samu abin faɗa. Ka kuma duba cewa abin da ya lissafa aikin ƙaramar hukuma ne, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera su, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. In ya saka abin da yake hannun jiha ko tarayya ma'aikata za su ji su yi shiru don sun san ba su da abin yi a ciki.

Daga nan kowane HOD ya ɗauki ukun nan ya rubuta layi biyu kan abin da suke nufi a sashenshi. Gyaran burtsatse a wurin sashen ayyuka yana nufin a zagaya a ƙirga waɗanda suka mutu, a wurin sashen lafiya yana nufin duba-gari su kawo sunayen unguwannin da ake shan ruwan rijiya ko na gulbi, a wurin baitulmali yana nufin baucan wannan aikin ba ya kwana a tebur. In HOD ya kasa rubuta layi biyun nan to shi ma bai gane ba, gara a gano tun a nan.

Yanzu saƙon mako. Ka zaɓi rana ɗaya ka riƙe ta, ni na fi son Litinin kafin azahar, kuma ko babu wani sabon abu a fitar, a ce wannan satin babu sabon abu, aikin da ake kai shi ake ci gaba da yi. Daina fitarwa sati biyu a jere shi ke kashe abin, mutane su koma inda suka saba jin labari. Saƙon ya zama gajere kuma da Hausa. Sakula ta Turanci mai lambar fayil a sama tana nan da amfaninta don ita ce hujja, a ajiye ta a fayil, amma abin da zai je wa mutane ya zama kamar haka:

Salamu alaikum. Daga ofishin DPM, Litinin. Na ɗaya, yashe magudanun ruwa zai fara Laraba daga bakin kasuwa, leburorin sashen ayyuka su hallara ƙarfe bakwai, akwai shebur da baro a sito. Na biyu, masu matakin albashi na 06 zuwa ƙasa da suka cika shekarun ƙarin girma su kawo takardar kama aiki da ta ƙarin girman ƙarshe ofishin ma'aikata kafin Alhamis ta sama, hoto kawai, kar kowa ya bar asalin takardarshi, kuma ba a biyan ko sisi. Na uku, maganar da ake yi cewa za a yi canjin wuraren aiki a sashen lafiya, ba a yanke komai ba. Mai tambaya ya ga Staff Officer ko ya kira lambar ofis.

Ka lura da abin da ke ciki, wa abin ya shafa, me zai yi, yaushe, me zai riƙo, wa zai tambaya. Babu kirari babu mai girma zaɓaɓɓen shugaba mai kishin talakawa, wannan a bar wa masu soshiyal midiya na gidan siyasa. Da zarar saƙon ma'aikata ya fara kama da talla to rabin mutane sun daina karantawa, musamman waɗanda ba jam'iyyarsu ke kan mulki ba, kuma su ma ma'aikata ne da haƙƙinsu. Bayan an rubuta, mutum ɗaya mai murya a fili ya karanta shi a saƙon murya, minti ɗaya da rabi ya isa, saboda masu gadi da direbobi da iyayenmu mata masu shara da za su fi gane shi da kunne.

Guruf ɗin WhatsApp kuwa a yi guda biyu. Na sanarwa a kulle shi sai adimin kaɗai ke iya turawa, adimin ɗin ma kar su wuce uku. Na biyu na kowane sashe ne inda za a yi tambaya a amsa. In ka haɗa su wuri ɗaya sanarwar tantance ma'aikata za ta nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da hotunan ɗaurin aure da bidiyon wa'azi, mutum ya rasa albashinshi saboda bai gangara ƙasa ba. Maganar rasuwa da haihuwa da rashin lafiyar abokin aiki tana da muhimmanci, kar a hana, labarin wurin aiki ne ita ma, kuma sau da yawa ita ke sa mutane su riƙa buɗe saƙon, sai dai a sa ta a ƙarshen saƙon mako ko a guruf ɗin sashe.

Amma kar ka jingina komai da waya. Mu nan mun gani da idonmu a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, makonni ana zaune babu kira babu saƙo, mutane na tafiya har Funtuwa ko Sakkwato don su buga waya. Ko yanzu akwai garuruwan da sabis ɗin sai a hankali. Don haka kowace mazaɓa a samu mutum ɗaya tsayayye, galibi mai kula da babban asibitin mazaɓar ya fi dacewa don kullum akwai mai zuwa wurinshi, a riƙa ba shi saƙon a takarda ya manna ya kuma faɗa da baki. Ranar kasuwa ita ce motar da ba ta fashi, wanda ke Shinkafi ya san Alhamis kowa na shigowa, na Mafara ya san Talata, sai a shirya takardun tun jajibiri a ba wanda aka amince da shi. In abin na gaggawa ne kuma ya shafi kowa, sanarwa a Rediyon Zamfara ko Pride FM tana kai wa inda waya ba ta kai wa, kuma uban ƙasa da masu unguwanni ba sa ƙin isar da saƙo in an bi ta hanyar da ta dace an girmama su.

Allon sanarwa na sakateriya shi ma a raya shi. Je ka duba naku yanzu, zan iya cewa akwai takardar da rana ta cinye rubutunta ta koma ruwan ƙasa, gefenta ya nannaɗe, an manna wata a kanta da ƙusa mai tsatsa, wata ma ta shugaban da ya sauka tun tuni ce, ga fastar ɗan takara a tsakiya. Wa zai tsaya nan ya nemi sabon labari? A cire komai, a raba allon biyu, gefe ɗaya abubuwa ukun da shugaba ya sa a gaba da manyan baƙaƙe su zauna wata uku, ɗaya gefen saƙon wannan satin kaɗai da kwanan wata a sama. A sa wa masinja ɗaya alhakin cire tsohon duk Litinin. Kuma a kafa shi inda akwai inuwa kusa da inda ake sa hannu a rajistar zuwa aiki.

To sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar abin da ma'aikaci yake jira ya ji, kuma nan ne ofisoshi suka fi yin gum. Albashi ya yi jinkiri, kowa ya yi shiru, ma'aji ya kashe waya, DPM ya ce yana Gusau mitin. Shirun nan ba ya hana magana, sai dai ya bar wa wasu su yi ta. Mutumin da mai shago ke bin shi bashin masara da kuɗin makarantar yara a kanshi, in ka ce mishi ba a turo ba tukuna, matsalar daga kaza ce, za mu sake sanar da ku ranar Alhamis ko an samu ko ba a samu ba, zai ji zafi amma ya san abin da zai gaya wa mai shago. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce mishi gobe, goben ta zo a ce jibi. Kar ka taɓa sa ranar da ba a hannunka take ba. Ranar da za ka sake magana ita ce a hannunka, ita za ka yi alkawari da ita, kuma ka cika.

Haka lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma a cikin wannan watan na Yuli aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kowane ma'aikaci tambayoyi ne cike da bakinshi, wa zai riƙa biyanmu yanzu, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya mutu ke nan, mu ma ƙarin zai shafe mu, yaushe. Irin wannan lokacin ne ya kamata ofis ya fito ya ce ga abin da aka yanke a Abuja, ga abin da ya iso mana a rubuce, ga abin da bai iso ba. Ka bambance wa mutane abin da aka ji a rediyo da abin da takarda ta zo da shi, don tsakaninsu akwai tafiya.

Ka kuma riƙa gaya wa mutane ƙofar da maganarsu take. Da yawa suna fushi da ciyaman a kan abin da ba shi ke yi ba. Ƙarin girma da canjin wuri na masu mataki na 07 zuwa sama yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, na 06 zuwa ƙasa ne ake yi a gida ta kwamitin ƙananan ma'aikata. Malaman firamare nasu yana bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. In ka bayyana wannan sau ɗaya a fili ka rage wa mutane kuɗin mota da yawon ofis-ofis, ka kuma rage cinikin masu cewa kawo wani abu in shigar maka da fayil.

Tantancewa kuwa, don Allah a ba mutane aƙalla sati ɗaya. Na ga dattijuwa ungozoma ta taso daga ƙauye a kan mashin tun asuba, takardunta a cikin leda ta ƙulle a bakin zane, ta iso aka ce ai har da takardar haihuwa da ta BVN ake so, ta tsaya tana cewa ɗana ni ba a hwaɗa man ba, cewa anka yi in zo da takardar ɗaukar aiki. Kuma gaskiyarta, haka saƙon ya isa gare ta. Layi ɗaya da aka bari a sanarwa ya jawo mata kwana a garin mutane da kuɗin mashin sau biyu a hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau. Kafin ka fitar da sanarwar tantancewa ka kira wanda zai yi ta ka ce ya lissafo maka duk abin da zai nema, ka karanta mishi abin da ka rubuta ya ce eh.

Duk maganar da ta shafi albashi ko canjin wuri ko horo, shugabannin reshe na NULGE, wato ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, da na ƙungiyar ma'aikatan lafiya su ji kafin ta fita, ko da awa ɗaya ne. Ba izini kake nema ba, amma su za a fara kira, in sun ce ba su sani ba maganarka ta raunana tun a nan.

Akwai kuma abin da ba a sawa a guruf ko a allo ko kaɗan, kuma a Zamfara wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Ranar da ciyaman zai je gari kaza da hanyar da zai bi, ranar da masu rigakafi za su shiga ƙauye kaza, ranar da za a ɗauko kaya ko kuɗi, jerin sunaye da albashin kowa da lambar asusu. Saƙon da ka tura wa mutum ɗari biyu ka ɗauka kowa ya gani. Irin waɗannan a kira wanda abin ya shafa shi kaɗai. Laifin ma'aikaci da takardar tuhuma su ma tsakaninshi da ofis ne, ba a tozarta magidanci a guruf.

Duk wata uku a yi taron gaba ɗaya, ciyaman da kanshi ya tsaya ya ce abu ukun da na faɗa ga wanda aka yi, ga wanda ba a yi ba da dalili, ga na gaba. Minti ashirin ya ishe shi. A fara a kan lokaci, don in aka tara mutane tun tara shugaba bai fito ba sai ɗaya, abin da za su tafi da shi ke nan ba jawabin ba. Sai dai kar ka yaudari kanka cewa da an ce akwai mai tambaya aka yi shiru to kowa ya gamsu. A al'adarmu ƙaramin ma'aikaci ba zai miƙe gaban ciyaman da HOD ɗinshi ya ce ranka ya daɗe asibitinmu wata huɗu babu ko auduga ba, mata kuma sun fi yin shiru in zauren cike yake da maza. Saboda haka a karɓi tambayoyi tun kafin ranar, a takarda ba suna ko ta bakin wakilin mazaɓa, mata su samu wata babbar ma'aikaciya da za su gaya wa, sai a karanta a amsa a wurin. Wadda ba a da amsarta a ce za a kawo a saƙon Litinin, kuma a kawo.

Wannan hanyar da saƙo ke sauka ita ce kuma labari zai bi ya hau, kuma wani lokacin na hawan ya fi na saukar tsada. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 a ƙauye aka fara ganin alamunta, haka amai da gudawa, haka tsutsar da ke cin masara, na ƙasa ne ke fara gani. In malamin asibiti ko malamin gona ya saba duk sati ana tuntuɓarshi kuma in ya yi magana ana amsawa, zai kira tun abin yana ƙarami. Don haka wakilin mazaɓa in ya karɓi saƙo ya dawo da layi biyu, an samu, ga abin da ke faruwa a nan.

Yadda za ka gane ko abin na aiki ba wuya. Ranar Alhamis ka buɗe rajistar nan ka zaɓi mutum uku daga mazaɓu mafi nisa, ba HOD ba, ba abokanka ba, ka kira ku gaisa ka ce Malam me ka ji daga ofis wannan satin? In ya faɗa daidai to madalla. In ya ce bai ji komai ba ka bi sawu ka ga inda saƙon ya maƙale, wurin HOD ne ko wurin wakili ko takardar tana aljihun ɗan mashin. Sati na gaba ka kira wasu ukun daban.

Rajistar da kwafin duk saƙonnin mako da sunayen wakilan mazaɓu a buɗe musu fayil a ofishin DPM, lambar wayar sanarwa ma ta zama ta ofis ba ta wani yaron ciyaman ba, adimin na guruf su zama ma'aikatan dindindin. Shugabanni suna sauka wasu su hau, DPM ma ana canza mishi wuri, to wanda ya zo ya tarar da fayil ɗin a cikin takardun miƙa aiki, Litinin ta farko ya fitar da nashi saƙon, a cikin satin kuma ya nemi ganin sabon shugaba ya tambaye shi abu ukun da ya sa a gaba.